Allon Malama da Rumbun Baba

A gyara zama, a ja tabarma, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga ta nan tafe: Malama Ummu Salma 'yar Alaramma Iliyasu na Minjibir, gimbiyar ɗakin kwamfuta na Tsamiyar Dabo da kewaye, kaza mai 'yan tsakin ƙarfe, mai daskarar da inji a tsakiyar bazara, wadda bairos, cutar kwamfuta, ke jin takunta ya nemi taga. Ruwan sama mai wanke allon kowa, ba ruwanki da ɗan wane! In kun ga wata mace 'yar gajeriya, amma kada ku ce ni na faɗa, da farin hijabi da tarin makullai rataye a wuya, tana tafe kamar an aike ta, to ita ce. Matar yayana Ridwan ce, saboda haka ina da lasisin tsokanarta tun ranar da aka kawo ta gidanmu, kuma ban taɓa barin lasisin ya mutu ba.

A zauren mahaifinta ta tashi, cikin ƙamshin tawada da hayaniyar karatu. Tun tana ƙarama aka ɗora ta a kan aiki guda: tsaron wurin wankin allo. Dokar Alaramma ba ta da kwana. Ba ka wanke allonka sai ka biya masa, ya ji karatun ya zauna maka, ya ce je ka wanke. Wanda ya yi gaggawa ya wanke bai biya ba, to shi da rubutunsa sai a lahira. Ita ke tsayawa a wajen, hannu a ƙugu, tana tambayar ƙartai masu gemu, "Ka biya?" Daga nan ta samo wannan kallon da take yi wa mutum har ya tuna laifin da bai yi ba.

Ta yi sakandare, ta je Kano ta yi difloma a kan kwamfuta, sannan Yaya Ridwan ya yi sa'ar da har yau ban gane yadda aka yi ba. Shi yana bin manyan motocin hatsi daga Ɗambatta zuwa Kudu, wani lokaci sai wata ya mutu ba a gan shi ba. Ita kuwa, da 'yan garinmu mazauna birni suka haɗa hannu suka kawo wa makarantar al'umma kwamfutoci na hannu da sola, ba a yi wata doguwar shawara ba, aka miƙa mata makulli.

Zangon farko ta sha wuya. Yaro zai zauna a gaban kwamfuta, kafin ki juya ya maƙala hoton ɗan ƙwallo a fuskarta. Wani ya zo da filash cike da fina-finai da bairos ya juye. Wani ya sa kalmar sirri ya manta. Akwai wanda ya mayar da harshen kwamfuta guda zuwa na mutanen Sin, aka rasa mai karanta ko da kalmar "kashe", har hedimasta ya zo ya tsaya a kanta yana gyaɗa kai kamar mai ta'aziyya. Ranakun hutunta duk a gyara suke ƙarewa.

Sai ta samo maganinsu, wata manhaja mai daskarar da kwamfuta. Yadda abin yake: ta gyara kowace inji tsaf, ta zuba mata duk abin karatu, ta share tarkace, sannan ta daskarar da ita a haka. Daga ranar, ka yi duk abin da ka ga dama. Ka sa hoto, ka goge, ka zuba bairos, ka rubuta littafi guda. Da an kashe an sake kunnawa, kwamfuta ta koma yadda take ranar da aka daskarar da ita, fes, kamar ba ta taɓa saninka ba. Ba mai iya narkar da ita sai mai kalmar sirri, kalmar sirrin kuwa tana cikin kan Malama, inda ko Yaya bai taɓa leƙawa ba.

Matsalar ita ce injin ba ya bambance shirme da aikin kirki, duka yake wankewa. Don haka ta dawo da dokar zauren ubanta. Duk wanda ya yi aikin da yake so, kafin ya kashe sai ya ɗaga hannu, ta zo ta duba, ta kwashe a filash ɗin da ke cikin makullan wuyanta. Ta sa masa suna biyan allo. A ƙarshen kowane darasi, dab da kiran sallar la'asar, sai ta tafa hannu ta ce, "Allo ne wannan, ba ya ajiya. Wanda bai biya ba, kada ya zo min da kuka gobe."

Ku riƙe wannan, a ƙarshen darasi take faɗa.

Yanzu ga surukinta, wato Baba, wanda gari ke kira Alhaji Madu mai hatsi. Iyayensa daga Barno suka zo, shi kuwa a nan ya girma, ya tsufa a tsakanin buhunan gero da dawa. A gonarsa ta gyaɗa aka yanki filin makarantar, shi ne shugaban kwamiti, kuma yana da nasa makullin na kowane ɗaki. Tun da gwiwa ta fara yi masa gardama ya rage zuwa kasuwa, ya mayar da gindin darbejiyar da ke jikin tagar ɗakin kwamfuta ofishinsa: tabarma, rediyo, buta, goro.

Tsakaninsa da Ummu Salma akwai kunya irin ta da, wadda ba a sayarwa a kanti. Matar ɗansa na fari ce. Ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa kallon idonsa ba, sunansa kuwa ko a mafarki. Madubi ma gilashi take ce masa, don kada bakinta ya bi ta kusa. In zai shigo gida sai ya yi gyaran murya tun daga zaure, ita kuma ta faɗa ɗaki. Da safe ta durƙusa a bayan ƙofa ta ce, "Baba ina kwana," ya ce, "Lafiya lau, Allah ya yi albarka." Duk hirar da suka yi tun aurenta har 'yarta Ikhlas ta kusa sauke Alƙur'ani, in ka tattara, wannan ce.

Asabar da Lahadi da yamma Malama tana da ajin matan aure. A farkon damina ta koya musu ɗaukar murya, don mace ta karanta sura ta saurari kanta ta ji inda take tuntuɓe. Ta yi bayani dalla-dalla, da muryar nan tata da ke kaiwa bakin titi: a sa hedifon a kunne, a danna jan ɗigo, a yi magana, a sake dannawa, a ba shi suna, a ajiye. Baba yana gindin darbejiya, rediyo a kunne, amma ashe ba rediyon yake ji ba. Ya haddace komai tsaf. Sai dai shi mutum ne mai son sahun farko. Tun kafin ladan ya gyara murya ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci. Ba ranar da tafin hannun Malama ya taɓa samunsa a wajen.

Ta daɗe tana ganin alamu ba ta gane ba. Ranar Juma'a ba makaranta, amma in ta buɗe ɗaki ran Asabar sai ta tarar an ja kujerar kwamfutar da ke kusa da ƙofa, an buɗe hedifon har ƙarshe kamar wanda aka ɗora a kan babbar hula, ga ɗan guntun goro a ƙasa. An kashe injin yadda ya kamata, an rufe shi da ƙyalle, har makunnin sola an kashe, aikin mutumin da ba ya son ɓarna. Ta ɗauka hedimasta ne ke koyo a ɓoye, ta yi murmushi ta rufa masa asiri.

Sai da kaka ta kama, wata rana suna ɓarar gyaɗa a tsakar gida ita da surukarta Iya Amsa, tsohuwar ta waiga hagu da dama, ta matso da kujerarta.

"'Yar nan, zan gaya miki magana. In ta fita, ni ban faɗa ba, ke ba ki ji ba."

"To, Iya."

"Alhaji fa ya cika miki injin nan da magana."

Hannun Ummu Salma ya tsaya a cikin tire. "Wane inji, Iya?"

"Naki mana, na makaranta. Tun ruwan shuka yake zuwa duk Juma'a da hantsi. Tarihin gidan nan yake zubawa kaf: yadda ubansa ya taso daga Barno da kanwa, garuruwan da ya yada zango, sunayen kakanni, har waƙar da uwarsa ke yi masa da Barbarci. Kin ga 'ya'yan nan nasa ba mai jin yaren, daga Ridwan har wancan sarkin yawon." Ni ke nan. "Ya ce ranar walimar saukar Ikhlas, in 'yan'uwa sun zo daga Barno, a lasifika za a saka kowa ya ji. Ba wanda ya sani sai ni, har rantsar da ni ya yi."

"Iya," in ji Ummu Salma a hankali, "yana... yana dubawa kuwa? In ya dawo, yana ganin na baya?"

Iya ta yi dariya. "Ni ma na tambaye shi. Ya ce, Amsa, ke ba ki san hatsi ba. Mai rumbu daga sama yake zubawa ya rufe. Wa kika taɓa gani yana kwance rumbu kullum don ya ga ko geronsa na nan? Ya ce saura kaɗan ya cika."

Ummu Salma ta ce za ta duba tukunya. Babu tukunya a wuta. Ta zari hijabi ta nufi makaranta, ta bi ta tsakanin gonakin da aka fara yanke wa kai, ko gaisuwar masu ɗaurin dawa ba ta amsa da kyau ba. Ta san abin da za ta gani, amma ta kunna. Kwamfutar ta buɗe fuska fes, ba tabo, ba ɗigo, daidai yadda ta bar ta ranar da ta daskarar da ita. Wannan tsabtar da take alfahari da ita, ranar ji ta yi kamar ta mare ta. Damina guda ta muryar tsoho, injinta ya wanke ya zubar.

Ta zauna tana lissafin ƙofofi, ko wacce ta taɓa a kulle. Ta je da kanta ta ce, Baba ka yi kuskure? Gara ƙasa ta tsage. Ta aiki Iya? Iya ta yi rantsuwa, da ta buɗe baki ya san ta kai magana waje. Ta kira Yaya a waya? Asirin da tsoho ke tattali don ya ba 'ya'yansa mamaki ya tonu ke nan. Ta gaya min? Ta san in aka gaya min magana da hantsi, kafin azahar masu tallan rake a tashar Ɗambatta sun ƙara mata gishiri. Ta narkar da injin a ɓoye ta yi shiru? To wutsiyar labari kaɗai za a samu, ba kai ba gangar jiki. In kuwa ta bari har ranar walima, Baba zai tsaya a gaban baƙin da suka keto ƙasa, ya ce a kunna, lasifika ta yi shiru. Wannan kam ba za ta iya kallo ba, ko daga bayan zana.

Ranar Asabar ta riga kowa zuwa. Ta narkar da kwamfutar kusa da ƙofa, ita kaɗai, ta lulluɓe ta da wani jan ƙyalle. Ta buɗe tagar gefen darbejiya, murfi biyun duka, har ta sa dutse ta tokare. Baba yana wajen, rediyo na ta ba da farashin kayan gona. Da mata suka zauna, sai ta tafa hannu.

"Malama, har an tashi?" in ji Furera mai ƙuli-ƙuli, wadda ko hijabi ba ta gama gyarawa ba. "Yanzu fa muka zo."

"Yau daga ƙarshe za mu fara. Furera, taso. Sa hedifon, ki ɗauki muryarki."

"Me zan ce?"

"Duk abin da ya zo bakinki."

Furera ta danna jan ɗigo ta ce, "Ni Furera, ƙuli-ƙulina ya fi na Hafsatu, kowa ya sani, har mijin Hafsatu." Aji ya kwashe da dariya, Hafsatu ta ce Allah ya isa. Malama ta sa ta ba shi suna ta ajiye, aka saurara, ga murya raɗau.

"To kashe. Yauwa. Sake kunnawa. Nemo min muryarki."

Furera ta duba sama, ta duba ƙasa. "Malama, babu."

"Duba da kyau."

"Wallahi babu. Hafsatu, ke kika yi mata baki?"

"Ƙarya ce ba ta zama," in ji Hafsatu. "Ko inji ya san gaskiya."

Ummu Salma ta juya bayanta ga taga, ta ɗaga murya kamar mai magana da wanda ke hayin rafi. "Ku saurara da kyau. Waɗannan injinan allo ne, ba rumbu ba. Duk abin da aka zuba, da an kashe ya wanke. Ko na jiya, ko na watan jiya, ko na farkon damina. Ko muryar wa ce. Ba laifin mai zubawa ba ne, ni na ɗaure su haka saboda ɓarnar yara, kuma laifina ne da ban rubuta a bango ba."

A waje, rediyo ya yi shiru.

Ta ci gaba. "Sai dai guda ɗaya, daga yau na kwance ta. Ita rumbu ce, abin da aka zuba yana nan. Ba ta ɗalibai ba ce. Ta manya ce, in akwai mai bukata."

"Waɗanne manya?" in ji Furera. "Ai mu ne manyan."

"Zauna, Furera."

Furera ta koma kujerarta. Sai aka ji gyaran murya daga gindin darbejiya. Akwai wata akuya da ke cin harawa a jikin katanga, ita Baba ya fuskanta.

"Ke akuya," in ji shi, "kin ji ikon Allah? Ashe mutum zai yi damina guda yana zuba hatsi a rumbun da ba gindi."

Akuya ta ci gaba da abin da ya dame ta. Mata suka kalli juna, Malama ta zuba wa allon bango ido.

"Ke akuya. Wacce ce a cikinsu mai gindin?"

"Furera!" in ji Malama da ƙarfi, har Furera ta zabura. "Ta kusa da ƙofa na ce miki, mai jan ƙyalle!"

"Ni ban tambaya ba, Malama."

"To yanzu kin sani."

Baba ya naɗe tabarmarsa ya tafi, ranar tun ba a kusa kiran salla ba.

Juma'ar da ta biyo, ba wanda ya taɓa jan ƙyalle. Gindin darbejiya ma ba kowa. Iya ta ce tuwonsa rabi yake ci ya ture. "Ya gaya min da kansa," ta raɗa mata a madafa. "Ya ce ranar da ya yi waƙar uwarsa, sai da ya goge ido da hular kansa. Ya ce irin wannan ba a yi sau biyu." Ummu Salma ta yi ta juya miya. Ga walima na matsowa, an riga an aika wa mutanen Barno, an fara surfen gero.

Iya Amsa ce ta ɓalle ƙullin, kuma ba da lallashi ba. Ita da Baba auren zumunci ne, uwarta ƙanwar ubansa ce, don haka tarihin nan nata ne ita ma. Wata yamma Ummu Salma na tankaɗe a jikin katangar turakar Baba, ta ji muryar Iya tana tashi.

"Ni dai na ce gara da injin ya wanke. Na san abin da ka zuba. Cewa ka yi Kawu ya shigo ƙasar Kano da ayarin raƙuma."

"Da raƙuma ya shigo."

"Jaki ne. Guda ɗaya. Shi ma yana ɗingishi."

"Amsa, kina wajen?"

"Kai kana wajen? Uwata ce ta hau jakin, ita ta gaya min. Ta ce in ya ga rafi sai an roƙe shi."

"To ki zo ki faɗa a gaban inji in kin isa!"

"Ɗauko makullin ka gani!"

Ummu Salma ta cusa bakin zani a baki don kada dariya ta fito.

Washegari da ta buɗe ɗakin kwamfuta, kujeru biyu ta tarar a gaban mai jan ƙyalle. A kan ƙyallen kuwa an ajiye farin goro guda, babba, mai kyau. Ta tsaya tana kallonsa, can ta gane. Baba ya ɗaga hannu ke nan. Allonsa yake biya.

Ta kunna, ga sabon zubi nan, an ba shi suna da manyan baƙaƙe: NA DAYA KUMA. Ta zare hedifon, ta rage sauti har ƙasa, don ba za ta saurari muryar surukinta a ɓoye ba, ta kwashe a filash, ta sake kwashewa a wani, ta ɗauke goron. Haka suka yi ta yi. Lokaci ya ƙure, don haka tsofaffin ba su tsaya jiran Juma'a ba, da an tashi yara sai ka gan su sun nufi makaranta, shi a gaba da sanda, ita a baya tana mita. In da goro a kan ƙyalle, akwai sabon zubi. In goro ya ɓace, an kwashe. Ba su taɓa haɗuwa a ɗakin ba, ba kalma guda da ta shiga tsakaninsu. Malama ba ta cin goro, amma ba ta ba kowa ko ɗaya ba, tana tarawa a jiƙaƙƙen tsumma. Na roƙa, ta ce in je in biya nawa allon.

Ranar walima gidanmu ya cika har waje. An gama girbi, rumbuna sun cika, ba mai sauri. Mutanen Barno sun zo mota guda, Yaya ya dawo daga Kudu, Alaramma Iliyasu ya zo daga Minjibir da jama'arsa don jikarsa. Ikhlas ta yi karatunta ba gargada, aka yi addu'a, aka ci waina. Sai Baba ya miƙe ya ce yana da ɗan abu. Aka jawo waya daga lasifika har bayan zana, wajen mata, inda Ummu Salma ke zaune da kwamfutar a kan turmi. Ta danna.

Aka ji tari, aka ji bisimilla. Sannan muryar Baba, cike da girma: "Mahaifina ya taso daga ƙasar Barno da ayarin raƙuma..."

"Jaki," in ji muryar Iya, tar a lasifika.

"Amsa, ki bari in kai aya."

"Kai ayar, amma jaki ne."

Wajen ya kece da dariya, har wani tsoho daga Barno ya ɗaga sanda yana cewa tsohuwar ta fi gaskiya, shi ma jaki ya ji. Haka labarin ya tafi, shi yana ginawa tana rushewa, in ya manta sunan gari ta tuna masa, in ta rikita kakanni ya ce ai ga shi nan. Da aka zo waƙar uwarsa sai dariya ta ɗauke. Muryar Baba ta fara, ta karye a tsakiya, sai ta Iya ta ɗauka, suka ƙarasa tare. Wata gyatuma cikin baƙi ta ja mayafi ta rufe fuska tana bi a hankali. Ikhlas ta rarrafa kusa da ita tana tambaya me ake cewa, gyatumar ta jawo ta jikinta ta fara fassara mata.

Da aka kashe, Baba ya juya wajen Alaramma, ya ɗaga murya yadda za ta tsallake zana.

"Alaramma, ina da ƙara. 'Yarka ta wanke min allo, rubutun damina guda."

Alaramma ya shafa gemu. "Ka biya kafin a wanke?"

"Ban biya ba."

"To ai Alhaji ba ka da ƙara."

Aka sake fashewa. Baba ma yana dariya ya ce, "Gaskiya ne. Na farkon ma raƙuman sun yi yawa." Sannan ya fuskanci zana, bai kira sunan kowa ba, ya ce, "Allah ya yi albarka." Kalmomin da yake faɗa kullum da safe ne, amma ranar sai da ya maimaita. A bayan zana, Malama mai tsorata bairos ta ja hijabi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, Furera na zungurinta da gwiwar hannu.

Har yau mai jan ƙyalle tana nan kusa da ƙofa, sunanta Rumbu. Tsofaffin gari sun gano ta, kowa na so ya zuba nasa, kuma na lura tun da labarin jaki ya bazu, ba mai zuwa da matarsa. Sauran injinan kuwa suna nan a daskare, suna wanke allon yara kullum ba sani ba sabo. An rubuta dokar a bango da jan fenti, kuma yanzu a farkon darasi ake tafa hannu.

Da na gama tsara wannan tarihi, a ɗakin nata na zauna na buga shi da yatsa biyu, wuni guda. Na kira ta na ce, matar Yaya, zo ki ji yadda na ɗaukaka ki, jikokinki za su yi alfahari. Na miƙe tsaye na karanta mata tun daga gimbiya har zuwa jaki, da murya irin ta sanƙira. Ta saurara tana naɗe wayar caja, ba ta yi ko murmushi ba. Da na kai ƙarshe ta leƙa ta ga injin da na zauna a kai, ta miƙa hannu wajen makunni.

"Ka gama? Ni ba gajeriya ba ce. Kuma a allo ka rubuta, Badaru. Matsa in kashe."